Pedroni ya ce akwai alaƙa, Westerlund ya ce babu, wanne zan rubuta a babi na huɗu?

Zainabu_Tattali ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin ikonometiriks ku taimaka min, babi na huɗu ya tsaya min cak kuma difens na cikin gida ya matso.

Aikin digiri na biyu nake yi, ina gwada ka'idar daidaiton ƙarfin saye, wato PPP, a ƙasashen ECOWAS 15 daga 1990 zuwa 2022. Na tsaya a 2022 ne don kar sakin naira na 2023 ya shigo ciki, kuma a lokacin Nijar da Mali da Burkina Faso ba su fita daga ƙungiyar ba. Ka'idar dai kun san ta, idan farashin kaya a ƙasa ya fi na Amurka saurin tashi, to a dogon zango kuɗin ƙasar zai faɗi a kan dala daidai gwargwadon wannan bambancin. Bayanan daga WDI na Bankin Duniya na sauke su, canjin gwamnati da CPI, wato ma'aunin farashin kayan masarufi, na kowace ƙasa da CPI na Amurka, duk na sa musu log. A lissafin, canji ne a hagu, wato abin da ake bayaninsa, CPI biyun a dama, wato masu bayyana shi.

Na yi gwajin yunit rut, mai duba ko layin bayanai yana komawa mazauninsa, na Levin, Lin da Chu (LLC) da kuma na Im, Pesaran da Shin (IPS), duka sun nuna sai an ɗauki bambanci sau ɗaya suke zama, toh alhamdulillah. Da na zo gwajin alaƙar dogon zango a manhajar EViews, gwajin Kao ya ce akwai. Gwajin Pedroni kuma, da yake ƙananan gwaje-gwaje ne da yawa, ya rabu, na ADF da na PP sun ƙi hasashen cewa babu alaƙa, amma panel v da rho biyun ba su ƙi ba. Sufabaiza na ya ce ai mafi rinjaye sun ƙi, in rubuta akwai alaƙa in wuce FMOLS, hanyar ƙiyasta girman alaƙar. Sai wata ƙawata da ta riga ni gamawa ta ce eksitana ɗinsu, mai jarrabawa daga waje, ya tambaye ta ina gwajin Westerlund, shi ya sa na nemo manhajar Stata na yi xtwest, umarnin da ke yin gwajin, kawai sai ga ma'aunansa huɗu, Gt, Ga, Pt, Pa, babu ko ɗaya da ya ƙi. Wallahi zuciyata ba ta kwanta da in ɓoye shi ba, kuma ban san yadda zan sa su a tebur ɗaya suna ƙaryata juna ba.

Tambayata, wanne ne gaskiya a ciki? Shin maganar rinjaye ka'ida ce da ake da ita ko dai al'ada ce kawai? Kuma in babu alaƙa kenan aikina ya rushe?

Abu_Sadiq ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni shawarata kar ki wahalar da kanki, ki bi abin da oga ya ce tunda shi zai sa hannu. Ki duba jaridun ilimi da ake bugawa, da yawa haka suke rubutawa, shida cikin sha ɗaya sun ƙi don haka akwai alaƙa, shikenan an wuce wajen. In kuma kina tsoron eksitana, ki bar maganar Pedroni gaba ɗaya ki yi fanel ARDL, wato ƙiyasin ƙasashen a haɗe, PMG ɗin nan na Pesaran, Shin da Smith na 1999, ba ruwansa ko I(0) ne, layin da ke zaune, ko I(1), wanda sai an ɗauki bambanci sau ɗaya, in ECT ɗinki, ma'aunin gyaran kaucewa, ya fito da alamar ragi kuma ƙimar p ta yi ƙasa da 0.05 kin samu alaƙarki ta dogon zango. xtpmg ne a Stata, minti biyar kin gama. Allah ya ba da sa'a.

Malam_Garba ya rubuta:

Malama Zainabu sannu da ƙoƙari, kuma kin yi daidai da ba ki ɓoye sakamakon ba. Malam Abu Sadiq ka yi haƙuri, maganar rinjaye ba ka'ida ba ce. Pedroni gwaji 7 ya kawo a takardunsa na 1999 da 2004, huɗu na ciki uku na rukuni. Sha ɗayan da ake gani a EViews ai huɗun nan ne aka sake kawo su da nauyi, kenan in kina ƙirga ƙuri'a wasu sau biyu suka jefa. Kuma dukkansu daga ragowar rigireshan ɗaya aka ciro su, wato abin da lissafin bai iya bayyanawa ba. Abin da aka sani shi ne idan shekaru ba su da yawa, kamar 33 ɗinki, na ADF sun fi abin dogaro, panel v da group rho kuwa ba su cika ƙin komai ba. Wannan hujja ce da za ki iya karewa a gaban kowa, amma "sun fi yawa" ba za ki iya kare ta ba.

Sannan ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Kao na 1999 ya ɗauka gangaren alaƙar, wato gwargwadon yadda canji ke bin farashi, iri ɗaya ne a duk ƙasashe, wato yadda sidi na Gana ke bin farashi haka sefa ta Togo ke bi, ke kanki kin san da wuya. Pedroni ya bar kowace ƙasa da nata gangaren. Westerlund na 2007 ba ya duba ragowa ma sam, yana duba ko abin da kika sa a hagu yana gyara kansa ne idan ya kauce daga layi. Gt da Ga in sun ƙi, ma'anarsa aƙalla ƙasa ɗaya tana da alaƙar, Pt da Pa in sun ƙi ma'anarsa fanel ɗin a dunƙule. Don haka saɓaninsu ba abin mamaki ba ne.

Amma babbar damuwata ba ita ce wannan ba. Kao da Pedroni, da LLC da IPS da kika fara da su, duk an gina su ne a kan sharaɗin cewa ƙasashen ba sa shafar juna, girgizar da ta sami Senegal ba ta da haɗi da wadda ta sami Mali. Yanzu ki buɗe shafin bayananki ki dubi layin canji na Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Mali, Nijar, Senegal da Togo a shekara ɗaya, misali 2008. Lamba ɗaya za ki gani an maimaita ta sau bakwai, da Gini Bisau takwas tunda ta shiga sefa a 1997. Kuɗi ɗaya ne, babban banki ɗaya, BCEAO da ke Dakar. Ki ƙara da Kef Bad, eskudonsu ma a ɗaure yake da yuro. Kenan 9 cikin 15 canjinsu da dala yana hawa da sauka ne tare da yuro. Ga CPI na Amurka kuma da kika sa a dama, shi ma layi ɗaya ne aka kwafa wa kowa. Pedroni yana ɗauka shaidu 15 ya saurara, alhali takwas a cikinsu daga bakin mutum ɗaya suka ji labarin. Illar haka ita ce gwajin yana ƙin hasashen farko, na cewa babu alaƙa, fiye da kima, ki ɗauka kina kan kashi 5 na kuskure alhali kin wuce nan nesa. Ba sabon abu ba ne, O'Connell ya nuna shi tun 1998 a kan PPP ɗin nan da kike yi, ya ce da aka lura da cuɗanyar ƙasashe hujjar da ake ta murna da ita ta ɓace. Banerjee, Marcellino da Osbat ma sun yi irin wannan gargaɗin a 2004 kan idan layukan ƙasashe daban suna da alaƙar dogon zango a tsakaninsu.

Abin da zan so ki fara yi, gwajin CD na Pesaran, mai duba cuɗanyar ƙasashe. Ba wani abu mai wuya ba ne, yana ɗaukar ragowar ƙasashe bibbiyu ya auna yadda suke tafiya tare ya haɗa, ƙasa 15 suna ba da biyu-biyu har 105, kuma 28 a ciki tsakanin 'yan sefa ne kaɗai. Bayan xtreg da fe ki buga xtcsd, pesaran abs, zai ba ki har matsakaicin ƙarfin haɗin. Tunda shekarunki sun fi ƙasashen yawa, LM na Breusch da Pagan ma ya dace, xttest2 kenan. In ya tabbata akwai cuɗanya, kuma zan yi mamaki ƙwarai in bai tabbata ba, sai ki sake gwajin yunit rut da CIPS na Pesaran na 2007, shi yana sa matsakaicin ƙasashen a cikin rigireshan don ya tsotse abin da ya haɗa su. Umarninsa a Stata pescadf ne ko multipurt. CPI na Amurka kar ki sa shi a gwajin fanel, ADF na talaka ya ishe shi tunda layi ɗaya ne. Ki kuma lura da kyau da log CPI na Najeriya da Gana, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 70 a 1995, ta Gana ta kusa 60 a shekarar, irin wannan layin wani lokacin ko an ɗauki bambanci sau ɗaya bai gama zama ba, matsakaicin fanel ne ke rufa masa asiri. Ki gwada su ɗai-ɗai.

Sai xtwest ɗin, kin sa masa butstirap kuwa, wato sake zana samfuri daga bayanan sau da yawa don samun ƙimar p? In ba ki sa ba shi ma ƙimar p ɗinsa a kan wancan sharaɗin na rashin cuɗanya take. Ki sa bootstrap(400) ko sama, ki karanta layin ƙarshe na teburin ba na tsakiya ba. Lag ɗaya da lid ɗaya, wato shekara ɗaya ta baya da ɗaya ta gaba, sun isa, shekara 33 ba ta ɗaukar fiye da haka. Kuma kar ki rikita shi da xtcointtest westerlund da ya zo cikin Stata tun siga ta 15, wancan wani gwajin ne daban na 2005.

Maganar PMG, Malam Abu, shi ma bai tsira daga cuɗanyar ba, kuma yana tilasta wa ƙasashen gangaren dogon zango ɗaya. ECT mai alamar ragi ba gwajin alaƙa ba ne a karan kansa, domin in babu alaƙar ƙimar t ɗinsa ba ta bin teburin da muka saba.

Ɗan_Maradi ya rubuta:

Salam. Malam Garba Allah shi ƙara basira, kusan duka ka faɗa. Ni abu biyu nake son in ƙara daga ɓangarenmu na masu kashe sefa, don ina ganin su ne suka sa Westerlund ya yi shiru.

Na farko, Malama ta ce canji ta sa a hagu. To Westerlund tambayarsa ita ce, in farashin kaya a Nijar ya kauce, shin canjin sefa da dala yana motsawa ya gyara? Amsa kowa ya san ta tun kafin a kunna kwamfuta, ba ya motsawa. Sefa 655.957 ce yuro ɗaya tun 1999, kafin nan da faran na Faransa take ɗaure. Canjinmu da dalar Amurka a kasuwar yuro da dala ake yanke shi, ba a kasuwar Maradi ko Yamai ba. A 2001 dala ta haura sefa 700 saboda yuro ya yi rauni, a 2008 ta sauko kusan 450 saboda yuro ya yi ƙarfi, buhun hatsi a Nijar bai da hannu ko kaɗan cikin wanga al'amari. In akwai mai gyarawa a ƙasashenmu, farashi ne ke bin canji sannu a hankali, ba canji ke bin farashi ba. Kenan alfa, ma'aunin saurin gyara, na ƙasa takwas ko tara zai fito kusa da sifili ko da PPP gaskiya ce, sai ya rage wa Gt da Pt ƙarfi su kasa ƙi. Shi kuwa Pedroni da yake ragowa yake dubawa bai damu sosai da wa ke gyarawa ba. Ki juya lissafin, ki sa farashin gida a hagu, canji a dama, ki sake buga xtwest ki gani. Ba dabara ba ce ta neman tauraro a tebur, alamar da ake sawa in gwaji ya ƙi, hujjarta tana cikin tsarin kuɗin kansa, kuma sai ki rubuta ta a babi na uku kafin sakamako.

Na biyu Janairun 1994. Dare ɗaya aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100. Iyayenmu har yau da ita suke kwatance, maganin asibiti da kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi suka tashi, hauhawar farashi a Nijar ta wuce kashi 30 a shekarar, Senegal ma haka. A bayananki shekara ta biyar ce, tsalle ɗaya a ƙasa bakwai lokaci guda. Tsallen da ba a gaya wa gwaji da shi ba yana sa ya ga kamar layin ba ya dawowa, sai ya kasa ƙin hasashen babu alaƙa. Ko ki yi na Westerlund da Edgerton na 2008 da ke barin karyewa da kuma abin da ya haɗa ƙasashe, ko ki fara daga 1995 ki faɗi dalili.

Kuma ku ma Najeriya kuna da taku. Canjin gwamnati da ke WDI ya tsaya a wajen naira 22 har 1998 alhali 'yan canji sun haura 80, sai a 1999 ya yi tsalle ya wuce 90. Mu da ke bakin iyaka mun san ɗan kasuwar da ke sayo kaya Kano ya kawo Maradi ta Jibiya bai taɓa ganin naira 22 ɗin nan ba, da canjin kasuwa yake lissafi, farashin kaya kuma shi yake bi. To in kika gwada CPI da canjin da ba da shi ake ciniki ba, mi kike gwadawa? Ko a 2016 zuwa 2022 tazarar ta dawo.

Zainabu_Tattali ta rubuta:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Malam Garba na yi CD ɗin daren jiya, ya ƙi da ƙarfi sosai, ƙimar p sifili ce har gida uku, LM ma haka. Na buɗe layin 2008 kamar yadda ka ce, lambar nan ɗaya ce ke ta maimaituwa tun daga Benin har Togo. CIPS ya bar canji a I(1), amma CPI na Gana da na Najeriya da na gwada su su kaɗai suna bakin iyaka, ya danganta da lag ɗin da na zaɓa.

Matsala biyu ta taso. xtwest ya ƙi tafiya sai da na cire Laberiya da Gini saboda giɓi a CPI ɗinsu, yana cewa sai layi mara yankewa, kenan ƙasashen da na ba shi ba su ne daidai waɗanda na ba Pedroni ba. In cike giɓin da matsakaici ne ko in bar su a waje? Na biyu, da na gwada cire matsakaicin shekara kamar yadda na gani ana yi don rage cuɗanya, Stata ya jefar da CPI na Amurka gaba ɗaya.

Yaya Ɗan Maradi na juya lissafin na sa farashi a hagu da butstirap, yanzu Gt ya ƙi, Pt yana kusa, Ga da Pa ba su ƙi ba. To yanzu me zan ce wa sufabaiza? Shi fa yana son jimla ɗaya ce, akwai ko babu.

Abu_Sadiq ya rubuta:

Ni fa ban ce maganar su Malam ba daidai ba ce, amma a duba halin da ɗaliba take ciki. Digiri na biyu ne ba na uku ba, ga kuɗin makaranta in zango ya ƙare sai an sake biya, ga sufabaiza da ya riga ya faɗi abin da yake so, wasu malaman in ka zo musu da abin da ba su saba ba sai fayil ɗinka ya kwana wata uku a ofis. Kuma gaskiya ina da tambaya, in an ce ta juya lissafi ta cire ƙasa biyu ta sauya shekarar farawa, ba shi ne abin da ake zargin mutane da shi ba na yi ta gwadawa har sai tauraro ya fito? Meye bambancinsa da ƙirga rinjayen?

Malam_Garba ya rubuta:

Malam Abu tambayarka tana kan hanya kuma ya kamata a amsa ta. Bambancin shi ne dalilin ya riga sakamakon, kuma ba a ɓoye na farkon. Ɗaurin sefa da yuro da karyewar 1994 ba daga teburin Zainabu muka gano su ba, suna nan ko Gt ya ƙi ko bai ƙi ba. In ta kawo duka biyun, canji a hagu da farashi a hagu, ta ce ga abin da ya sa suka bambanta, wannan bincike ne. In ta goge wanda bai yi mata daɗi ba ta bar ɗayan, shi ne abin da kake faɗa. Maganar lokaci kuwa na yarda da kai, shi ya sa abin da zan faɗa yanzu bai wuce aikin mako ɗaya ba.

Malama Zainabu, giɓin kar ki cike shi da matsakaici. Shekarun yaƙin Laberiya, 1989 zuwa 2003 da ɗan tsagaitawa a tsakiya, ba shekarun da za a zana wa layi miƙaƙƙe ba ne, kuma cikon yana sa layi ya yi santsi ya ruɗi gwajin yunit rut. Ki bar su a waje a duk gwaje-gwajen, Pedroni da Kao ma ki sake su da ƙasa 13 ɗin don teburin ya zama abu ɗaya ake kwatantawa. In kin haɗo wasu lambobin daga babban bankin ƙasa ki kula da sifili, Gana ta cire huɗu a 2007, Saliyo ta cire uku a 2022.

CPI na Amurka da Stata ya jefar, dole ya jefar, abin da yake ɗaya ga kowa in kin cire masa matsakaici sifili ne ya rage. Ki haɗa su biyun su zama abu ɗaya, log CPI na gida a cire log CPI na Amurka, farashin gida a kan na waje kenan. Zai rage miki abin ƙiyastawa, kuma yakan sassauta matsalar Gana da Najeriya kaɗan, ko da yake sai kin sake gwadawa.

Sannan akwai abin da ban faɗa ba jiya. Samun alaƙar dogon zango ba shi ne PPP ba. Ka'idar cewa ta yi gangaren 1 ne, farashi ya ninka canji ya ninka. Kina iya samun alaƙa mai ƙarfi da gangare 0.4, nan kuwa ka'idar ta faɗi. Don haka hanya mafi gajarta ita ce ki tilasta 1 ɗin da kanki, ki haɗa canji na haƙiƙa, log canji a tara da log CPI na Amurka a cire na gida, ki yi masa CIPS kai tsaye. In yana komawa mazauninsa PPP ta tsaya, kuma ba ruwanki da wa ke hagu wa ke dama. In kina son gangaren kansa don babi na huɗu ya cika, ki bar FMOLS na EViews ki yi CCE na Pesaran na 2006, xtdcce2 yana yi, sai ki gwada ko ya bambanta da 1.

Kuma ki raba fanel ɗin gida biyu, 'yan sefa da sauran. Su 'yan sefa tambayar da ta fi ma'ana a kansu ita ce farashinsu da na ƙasashen yuro, ko na Faransa, tunda nan ɗaurin yake, ko ma farashin junansu, shin na Nijar da na Benin suna tafiya tare tunda kuɗinsu ɗaya. Sauran, Najeriya da Gana da Gambiya da Saliyo, sun yi kaɗan a kira su fanel, N huɗu, wato yawan ƙasashen, ba ya ɗaukar CD ko CIPS yadda ya kamata, gara ki yi musu ɗai-ɗai da Johansen ko gwajin iyaka na ARDL, ki sa dami, alamar shekarar tsalle, a 1999 da 2016 wa Najeriya.

Jimlar da za ki kai wa sufabaiza, ki rubuta abin da Gt yake nufi ba ƙari: bayan an lura da cuɗanyar ƙasashe, akwai shaidar gyaran dogon zango a wasu daga cikinsu, ta hanyar farashi ba ta hanyar canji ba, amma shaidar ba ta kai a ce duk yankin ba. Ki kai masa teburin CD tare da shafin nan na 2008 a buge a takarda, ki ce Malam ga abin da na gani ina neman shawararka, kar ki ce masa rinjaye kuskure ne. Yawanci in malami ya ga lamba ɗaya sau takwas da idonsa shi da kansa zai ce a sake.

In ma a ƙarshe babu abin da ya ƙi, aikinki bai rushe ba. Rogoff a 1996 ya tattara cewa kaucewa daga PPP tana ɗaukar shekara 3 zuwa 5 kafin rabinta ya gushe. Ki lissafa, alfa na ragi 0.2 yana ba da shekara 3 da 'yan kai, log na 0.5 a raba da log na 0.8. Da irin wannan jan ƙafar, shekara 33 da ke da karyewa a ciki ba ta da ƙarfin da za ta rarrabe mai dawowa a hankali da wanda ba ya dawowa sam, sai ki rubuta hakan a matsayin iyakar binciken.

Ɗan_Maradi ya rubuta:

Ƙari kaɗan kan raba fanel ɗin. In za ki gwada 'yan sefa da junansu ki nemi ma'aunin farashi na bai ɗaya da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu sefa ta Afirka ta Yamma, ke fitarwa, IHPC suke ce masa, wata-wata ake buga shi kuma hanyar lissafinsa ɗaya ce a duk ƙasashen, yana shafin BCEAO. Wata-wata ba zai ƙara miki tsawon zango ba, amma zai nuna miki lokacin bazara da kaka, don a Nijar da Mali da Burkina farashin hatsi yana hawa kafin girbi ya sauko bayansa, sai kin cire wanga kafin gwaji. Gini Bisau kuma ki fara ta daga 1997 ko ki bar ta waje, shekarunta na feso ba su cikin labarin sefa.

Zainabu_Tattali ta rubuta:

Toh na fahimta. Zan sake komai da ƙasa 13, in yi CIPS a kan canji na haƙiƙa, in raba su gida biyu, ranar Litinin in kai wa Malam teburin CD da shafin. Malam Garba tambaya ɗaya ta rage, a CIPS ɗin canji na haƙiƙa in sa tirend, mazauni mai tafiya da lokaci, ko kostan kaɗai, mazauni tsayayye? Na ga wasu suna sa tirend saboda ka'idar Balassa da Samuelson, mai cewa bambancin ƙarfin samarwa yana iya matsar da canji na haƙiƙa a hankali.

Malam_Garba ya rubuta:

Kostan kaɗai a babban teburi, don PPP cewa ta yi yana komawa mazauni ɗaya, in kin sa tirend kin yarda mazaunin yana tafiya kenan, kuma kin rage wa gwajin ƙarfi. Mai tirend ɗin ki kawo shi a teburi na biyu ki ambaci Balassa da Samuelson a nan. Ki duba teburin ƙimomin Pesaran na N da T, yawan ƙasashe da na shekaru, mafi kusa da naki, don na kostan da na tirend ba ɗaya ba ne.